JIBO BAKARI: MAGAJIN GARIN YAMAI DA YA CE WA FARANSA A'A

Daga Wakilinmu, Abuja

Duk wanda ya zauna a Sabon Badun, ko Agege, ko Idi Araba, ko Sabon Shagamu, ya san cewa ba 'yan Arewacin Nijeriya kaɗai ne suka cika zangon Hausawa ba. A cikinmu akwai mutanen Maraɗi da Damagaram da Tawa da Ƙonni, akwai kuma Zabarmawan Doso da Yamai. Wasu suna fataucin shanu, wasu ga-ruwa, wasu gadi. Sahu ɗaya muke bi a masallaci, mutanen Kudu kuwa ba su bambanta mu. Amma da wuya a sami ɗan Nijeriya a cikinmu wanda zai iya ba da labarin siyasar ƙasarsu kamar yadda su suke iya ba da labarin Sardauna da Malam Aminu Kano. Saboda haka a wannan mako za mu leƙa ƙetaren iyaka, mu kawo wa masu karatu tarihin marigayi Jibo Bakari, shugaban jam'iyyar Sawaba, Magajin Garin Yamai na farko, kuma ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci gwamnati a Nijar. Faransawa suna rubuta sunansa Djibo Bakary.

Tarihin wannan bawan Allah ba ya rabuwa da na ɗan'uwansa Jori Hamani, wanda ya zama Shugaban Ƙasar Nijar na farko. Ƙauye ɗaya aka haife su, makaranta ɗaya ta yaye su, aikin malanta suka fara yi dukansu, jam'iyya ɗaya kuma suka fara shiga. Daga baya siyasa ta shiga tsakaninsu har aka zubar da jini.

ASALINSA DA KARATUNSA

An haifi Jibo Bakari a cikin shekarar 1922 a ƙauyen Sudure, wanda ke bakin Kogin Kwara kusa da Yamai. Bazabarme ne, kuma ɗan gidan sarautar ƙauyen. A wannan ƙauye ne aka haifi Jori Hamani a 1916, watau ya girme shi da shekara shida, kuma dangin juna ne na kusa. A shekarar da aka haifi Jibo ne Faransa ta ɗauke Nijar daga hannun mulkin soja ta mai da ita cikakkiyar ƙasar mallaka. A lokacin hedkwata tana Damagaram, sai a 1926 aka mayar da ita Yamai.

Tun yana yaro aka kai shi Tawa, a can ya yi makarantar elemantare. Wannan zama na ƙasar Adar ya amfane shi ƙwarai daga baya, domin ya tashi da Hausa a bakinsa, ya kuma san halin talakawan ƙasar Hausa, waɗanda su ne suka fi yawa a Nijar. Bayan ya ƙara karatu a Yamai sai aka tura shi Makarantar William Ponty da ke ƙasar Sanagal. Matsayin wannan makaranta a ƙasashen Faransa na Afirka ta Yamma kamar matsayin Kwalejin Katsina ne a wurinmu. Yadda Katsina ta yaye Sardauna da Abubakar Tafawa Ɓalewa, haka Ponty ta yaye Modibo Keita na Mali, da Hubert Maga na Dahomi, da Bubu Hama da Jori Hamani na Nijar. Da Jibo ya gama sai ya komo gida ya kama aikin koyarwa. Ya yi aiki a Birnin Ƙonni, ya kuma yi a Agadas.

Ya kamata mai karatu ya san irin mulkin da wannan saurayin malami ya tarar. Ingilishi a Arewa ta lulluɓe mulkinta da rigar En'e, amma Faransa ba ta damu da lulluɓi ba. Kumandan Bature shi ne wuƙa shi ne nama a yankinsa. Akwai dokar da ta ba shi ikon ɗaure ɗan ƙasa na wasu kwanaki ba tare da an je gaban alƙali ba. Akwai kuma aikin tilas, inda za a kwashi majiya ƙarfi daga gonakinsu a kai su gyaran hanya ko ɗaukar kaya. Sarakuna da hakimai su ne ake sa wa su tara haraji su kuma kawo mutanen aikin. Wannan ya sa mutane da yawa suka riƙa ƙetarowa Sakkwato da Katsina da Daura da Kano, kakannin wasu daga cikinmu ma ta haka suka zo. Sai a 1946, bayan Yaƙin Duniya na Biyu, aka soke waɗannan dokoki biyu.

SHIGARSA SIYASA

A cikin shekarar 1946 ɗin ne 'yan boko na Nijar suka kafa jam'iyyarsu ta farko mai suna PPN, wadda ta zama reshen babbar ƙungiyar RDA da aka kafa a Bamako cikin watan Oktoba na wannan shekara a ƙarƙashin Hufuwe Buwanyi na Kodebuwa. A tsarin Faransa na lokacin, ƙasashen mallaka sukan aika da wakilai Majalisar Dokoki ta Faransa a birnin Faris. Jori Hamani ne ya ci wannan kujera. Shi kuwa Jibo sai ya zama sakataren jam'iyya, shi ke yawo gari gari yana kafa rassa, musamman a gabashin ƙasar. Gwamnan Nijar na zamanin, Jean Toby, bai ji daɗin wannan abu ba ko kaɗan. A 1948 aka kafa wata jam'iyya mai suna UNIS da goyon bayan gwamnati da sarakuna, don a karya PPN.

A majalisar Faris, wakilan RDA suna ƙawance ne da jam'iyyar Kwaminis ta Faransa, domin ita ce ta fi tsaya musu. Amma a 1947 Firayim Minista Paul Ramadier ya kori 'yan Kwaminis daga gwamnati, daga nan duk wanda ke tare da su ya zama abin farauta. Da tsanani ya yi yawa, sai Hufuwe Buwanyi ya ga ya fi masa alheri ya shirya da gwamnati. A 1950 ya yi sulhu da ministan ƙasashen mallaka, Faransuwa Mitera, wanda daga baya ya yi shekara 22 yana Magajin Garin wani ɗan ƙaramin gari mai suna Chateau-Chinon kafin ya zama Shugaban Ƙasar Faransa a 1981. RDA ta raba gari da Kwaminis.

A nan ne 'yan'uwan nan biyu suka rabu. Jori Hamani da Bubu Hama suka bi Hufuwe. Jibo ya ƙi, domin a ganinsa wannan sulhu miƙa wuya ne ga 'yan mulkin mallaka. Ya bar PPN ba shi da kujera, ba shi da albashi, ya koma noman lambu a gefen Yamai yana sayar da kayan miya. Da yawa suka ɗauka tasa ta ƙare.

Ashe lambun nan mafari ne. Daga can ya shiga tara ma'aikata cikin ƙungiyoyin ƙwadago masu alaƙa da babbar ƙungiyar CGT ta Faransa: leburori, da direbobi, da magina, da kukun Turawa, da masu aiki a kantunan kamfanoni. A ƙarshen 1952 Faransa ta yi dokar ƙwadago ta ƙasashen mallaka, amma masu kamfanoni suka yi ta jan ƙafa wajen aiki da ita. A 1953 aka yi yajin aiki a Nijar, Jibo yana kan gaba, aka kuwa sami ƙarin albashi. Sunansa ya bazu. A 1954 ya kafa jam'iyyarsa mai suna UDN.

Ƙarfin wannan jam'iyya yana wurin ƙananan mutane ne na birni da kasuwa: 'yan kamasho, da teloli, da mahauta, da 'yan koli, da matan da ke zaman kansu, da 'ya'yan bayin da. Direbobin manyan motoci masu jigilar gyaɗa tsakanin Damagaram da Tasawa da Maraɗi da Kano su ne suka zama gidan wayarta. Kirarin da magoya bayanta ke yi a wurin taro shi ne Sawaba, har kirarin ya rinjayi sunan jam'iyyar. Mu nan mun san wannan kalma, domin tun 1950 take bakin 'yan NEPU, ita ce kuma ta zama laƙabin Hajiya Gambo ta Zariya. Ciwon ɗaya ne a ɓangarorin iyakar biyu, ba abin mamaki ba ne da maganin ya zo da suna ɗaya. Alamar Sawaba raƙumi ce, ta PPN kuwa giwa.

MAGAJIN GARI

A zaɓen watan Janairu 1956 na Majalisar Faris, Jibo ya tsaya bai ci ba, amma yawan ƙuri'un da ya samu ya firgita kowa. A wannan shekara ce jam'iyyar gurguzu ta Faransa, SFIO, ta karɓi gwamnati a ƙarƙashin Guy Mollet. Ministansa na ƙasashen mallaka, Gaston Defferre, ya kawo dokar da ta ba kowane baligi, mace da namiji, ikon jefa ƙuri'a, ta kuma yarda kowace ƙasa ta kafa 'yar gwamnatinta ta cikin gida. Mu tuna cewa matan Arewacin Nijeriya sai bayan shekara 20 suka sami wannan dama.

A al'adar siyasar Faransa kujerar magajin gari ita ce tsani. Mollet Magajin Garin Arras ne, Defferre na Marsai, Ramadier kuwa ya yi shekara 40 yana riƙe da wani ƙaramin garin masu haƙar kwal mai suna Decazeville, ɗansa Jean Ramadier ma ya yi Gwamnan Nijar daga 1954 zuwa 1956. To, da aka ba manyan garuruwan Afirka ta Yamma ikon zaɓen nasu magajin gari a watan Nuwamba 1956, sai manyan 'yan siyasa duk suka yi kanta. Hufuwe ya riƙe Abijan, Modibo Keita Bamako, Seku Ture Konakiri. A Yamai, wadda mutanenta a lokacin ba su kai 40,000 ba, babu jam'iyyar da ta isa ta ci ita kaɗai. Sai Jibo ya ƙulla ƙawance da jam'iyyar BNA ta Isufu Saidu Zarmakwai, ɗan gidan sarautar Doso, da Georges Condat. Da wannan haɗin gwiwa ya zama Magajin Garin Yamai yana da shekara 34.

Jam'iyyun biyu suka narke suka zama reshen Nijar na ƙungiyar MSA, watau ƙungiyar 'yan gurguzun Afirka mai alaƙa da SFIO. A zaɓen 31 ga Maris 1957 suka ci kujera 41 cikin 60, PPN ta tsira da 19. A watan Mayu Jibo ya kafa gwamnati. Da fari Gwamna Bature ne shugaban majalisar ministoci, Jibo mataimaki, amma a watan Yuli 1958 aka mai da shi cikakken shugaba.

Sai dai wannan nasara da ɓaraka a cikinta. Mutumin da talakawa suka ɗauka saboda yana yaƙi da zaluncin sarakuna, ga shi ya hau mulki a kan kafaɗar 'ya'yan sarakuna. Magoya bayansa na asali suna jiran ya taka wa hakimai birki, sababbin abokansa kuwa suna jiran ya ƙyale su. Da gwamnatinsa ta dakatar da wasu sarakuna ta kuma tuɓe wasu, sai masu rawani a duk faɗin ƙasar suka sha jinin jikinsu, suka yi shiru suna jiran rana. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

ƘURI'AR I KO A'A

Ranar ba ta daɗe ba ta zo. A tsakiyar 1958 rikicin Aljeriya ya rushe gwamnatin Faransa, Janar Digol ya komo mulki. Ya rubuta sabon tsarin mulki, ya kuma ba ƙasashen mallaka zaɓi biyu a ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958. Wanda ya ce I, zai zauna cikin tarayya da Faransa, yana da mulkin cikin gida, amma soja da kuɗi da harkokin waje suna hannun Faris. Wanda ya ce A'a, zai sami mulkin kai nan take, amma Faransa za ta janye ma'aikatanta da taimakonta. A taron jam'iyyar PRA da aka yi a Kwatano cikin watan Yuli, inda aka zaɓi Jibo babban sakatare, an tsai da shawarar neman mulkin kai ba da jinkiri ba. Da lokaci ya yi, sauran shugabannin suka janye jiki. Shugabannin gwamnati biyu kaɗai a Afirka ta Yamma suka tsaya a kan A'a: Seku Ture na Gini da Jibo Bakari na Nijar.

Faransa ta iya haƙura da Gini, amma ba ta iya haƙura da Nijar ba, kuma dalilan a fili suke. Nijar tana da doguwar iyaka da Aljeriya, inda ake yaƙi tun 1954, in ta kuɓuce to 'yan tawayen Aljeriya sun sami ƙofar baya. A cikin hamadar Sahara ne Faransa ke shirin gwada bom ɗinta na nukiliya, wanda ta fasa a 1960. A 1957 kuma an ga alamar ma'adinin yuraniyom a Azelik, ƙasar Agadas. Bayan wannan akwai tsoron cewa Nijar mai 'yanci za ta karkata wajen Nijeriya, tun da yake jama'a ɗaya ce, gyaɗarta ma ta Kano take bi zuwa Ikko.

Saboda haka ana saura kamar wata guda a yi ƙuri'a aka aiko da sabon Gwamna mai suna Don Jean Colombani, mutumin tsibirin Kosika, da umarnin ya tabbata I ta ci. Ya zagaya wurin sarakuna, ya nuna musu cewa rawaninsu yana tare da Faransa. Isufu Saidu Zarmakwai da mutanensa suka fice daga Sawaba suka haɗu da PPN. Aka baza soja a ƙauyuka, aka takura wa tarurrukan Sawaba, kumandoji suka shiga yaƙin neman ƙuri'a da kansu. Dubban talakawa suka tsallako Nijeriya don tsoro. Da aka bayyana sakamako, I ta sami kashi 78 cikin 100, A'a kashi 22, waɗanda suka fito jefa ƙuri'ar kuwa ba su kai kashi 40 cikin 100 na masu rajista ba. A Gini kuwa A'a ce ta ci, ta zama ƙasa mai mulkin kanta a farkon watan Oktoba.

Cikin watan Oktoban nan Jibo ya sauka daga shugabancin gwamnati. Aka rushe majalisa, aka sake zaɓe a watan Disamba, haɗin gwiwar PPN da sarakuna ya kwashe kujeru, 'yan kaɗan ɗin da Sawaba ta ci a gabas ma daga baya aka soke zaɓensu. Ran 18 ga Disamba 1958 aka kafa Jamhuriyar Nijar, Jori Hamani ya hau kujerar da ɗan'uwansa ya bari. A watan Oktoba 1959 aka haramta Sawaba, ƙasa ta koma ta jam'iyya ɗaya. Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, mulkin kan da aka kori Jibo saboda ya nema, bai cika shekara biyu ba Faransa ta miƙa shi ga Jori, ran 3 ga Agusta 1960. Ashe ba mulkin kan ne abin faɗan ba, hannun da zai karɓa ne.

GUDUN HIJIRA DA ZUBAR DA JINI

Kafin a haramta jam'iyyar Jibo ya riga ya bar ƙasar. Ya zauna a Bamako wurin Modibo Keita, daga baya ya koma Ankara wurin Kwame Nkrumah. A gida kuwa 'yan Sawaba suka shiga uku. Ministan harkokin cikin gida, Jambala Maiga, ya sa musu ido, aka ɗaure na ɗaurewa, aka kori na kora daga aiki. Da yawa suka gudo Kano, 'yan NEPU suka karɓe su suka ba su masauki, alhali kuwa gwamnatin Jihar Arewa da ta Jori suna ɗasawa. Ɗaya daga cikin manyan mataimakan Jibo, Usman Ɗan Galadima mutumin Madawa, ya yi aikin jam'iyya a ɓoye daga wannan ɓangare na iyaka. Wani kuma shi ne Abdullahi Mamani na Damagaram, wanda daga baya ya rubuta littafi a kan Sarauniya Mangu ta Lugu da yaƙinta da Faransawa.

Da Jibo ya ga an toshe hanyar ƙuri'a, sai ya zaɓi hanyar bindiga. Aka tura samari koyon yaƙin sunƙuru a ƙasar Sin da Biyetnam ta Arewa da Aljeriya da Gana, wasu kuma aka sama musu karatu a ƙasashen gabashin Turai. A ƙarshen Satumba da cikin Oktoba 1964, wasu ɗaruruwan mayaƙa suka kutsa Nijar ƙungiya ƙungiya ta iyakokin kudu da yamma, da zaton talakawa za su tashi su mara musu baya. Hakan bai faru ba. Gwamnati ta riga ta sami labari, Faransa tana bayanta, an kuma tsoratar da mutanen ƙauye an sa su farautar baƙin. Cikin 'yan makonni aka murƙushe su. An kashe wasu a daji, an kama da yawa, an kuma harbe mutum huɗu a bainar jama'a a Yamai.

A watan Afrilu 1965, ranar Babbar Salla, wani ɗan Sawaba mai suna Amadu Jop ya jefa gurneti inda Shugaba Jori yake sallar Idi a Yamai. Jori ya tsira, amma wani ƙaramin yaro ya mutu, wasu suka ji rauni. Wannan abu ya ɓata sunan Sawaba a idon mutane da yawa, ya kuma ba gwamnati hujjar ƙara matsa wa duk wanda ake tuhuma. Mutane sun mutu a gidajen kurkuku, wasu sun yi shekaru a tsare a cikin hamada. A watan Fabrairu 1966 soja suka hamɓarar da Nkrumah, Sawaba ta rasa mafaka, Jibo ya koma Konakiri wurin Seku Ture.

KOMOWA GIDA

Jori ya yi mulki har fari da yunwa na farkon shekarun 1970 suka ci ƙasar, aka kuma yi ta ƙorafin cewa manya suna karkatar da hatsin agaji. Ran 15 ga Afrilu 1974 Laftanar Kanar Saini Kunce ya kifar da gwamnati. A daren ne aka kashe uwargidan Shugaban Ƙasa, Hajiya Aisa, shi kuma aka tsare shi. Kunce ya saki fursunonin siyasa, ya yarda masu gudun hijira su komo bisa sharaɗin ba ruwansu da siyasa. Jibo ya komo gida bayan shekara 15.

Bai daɗe yana shan iskar gida ba. A watan Agusta 1975 aka kama shi tare da mataimakin Kunce, Manjo Sani Suna Siddo, bisa zargin shirya juyin mulki. Aka kai Jibo Ngigmi, can kusa da Tafkin Cadi. Ikon Allah, sai ga 'yan Sudure biyu, wanda ya kori ɗan'uwansa da wanda aka kora, duka suna tsare a hannun soja ɗaya, Jori a Damagaram, Jibo a Ngigmi. A 1980 aka fito da su daga kurkuku aka yi musu ɗaurin talala a Yamai. Jibo ya sami cikakken 'yanci kafin Jori, wanda sai bayan rasuwar Kunce a 1987 aka sake shi. Jori ya rasu a Rabat ta ƙasar Maroko a watan Afrilu 1989.

Da aka komo siyasar jam'iyyu bayan Babban Taron Ƙasa na 1991, Jibo ya sake ɗaga tutar raƙumi. Amma zamani ya juya. Yawancin masu jefa ƙuri'a ba a haife su ba lokacin da ya ce A'a, tsofaffin 'yan Sawaba kuma suka rabu gida biyu. A 1992 ya wallafa littafin tarihin gwagwarmayarsa da Faransanci. A zaɓen shugaban ƙasa na 1993, wanda Mahaman Usman na Damagaram ya ci, Jibo bai kai ga kashi 2 cikin 100 na ƙuri'u ba. Allah ya yi masa rasuwa a Yamai ran 16 ga Afrilu 1998 yana da shekara 76, saura kwana ɗaya a cika shekara 15 da rasuwar Malam Aminu Kano.

ABIN DA YA BARI

Har yau mutanen Nijar ba su daina gardama a kansa ba. Masu sukarsa suna cewa ya yi gaggawa a 1958, domin ƙasar da ba ta da teku, ba ta da ma'aikata 'yan ƙasa isassu, da ta sha wuyar da ta fi wadda Gini ta sha lokacin da Faransawa suka kwashe nasu ya nasu. Suna kuma ɗora masa alhakin samarin da aka tura cikin 1964 ba da kyakkyawan shiri ba, shi yana Ankara. Masu goyon bayansa kuwa suna cewa shi ne aka fara zalunta, domin gwamnatin da jama'a suka zaɓa ce Gwamna Bature ya tumɓuke, kuma sai da aka toshe masa kowace ƙofa sa'an nan ya ɗauki makami.

Idan muka gwada shi da Malam Aminu za mu ga bambanci ɗaya babba. 'Yan NEPU sun sha ɗauri da bulala a hannun En'e, an kayar da su zaɓe bayan zaɓe, amma Malam bai kai magoya bayansa ga bindiga ba, har ya rayu ya ga PRP ta ci Kano da Kaduna a 1979 an soke haraji da jangali. Sai dai shi Malam ba a taɓa haramta jam'iyyarsa ita kaɗai an bar ta abokan hamayya ba, ba a kuma kore shi daga ƙasarsa ba. Wanda bai sha irin ruwan da Jibo ya sha ba, sai ya yi hattara wajen yanke masa hukunci.

Ƙasarsu dai ta karrama su duka biyu. Filin jirgin saman Yamai yana ɗauke da sunan Jori Hamani, gadar da aka gina a kan Kwara a Fariye zamanin Shugaba Mahamadu Isufu kuwa aka sa mata sunan Jibo Bakari. Tambayar da ya yi a 1958 game da zaman Nijar da Faransa ita ma ba ta mutu ba, domin bayan juyin mulkin watan Yuli 2023 ta sake tasowa, har sojan Faransa na ƙarshe ya bar ƙasar a watan Disamba na wannan shekara.

Ga mu mazauna Kurmi, in Allah ya haɗa ka da dattijo mutumin Tasawa ko Madawa ko Damagaram a zango, ka tambaye shi labarin raƙumi da giwa. Mai yiwuwa ne ubansa ko kawunsa yana cikin waɗanda abin ya ci. Allah ya jiƙan Jibo Bakari da Jori Hamani da duk waɗanda suka rasa rayukansu a tsakaninsu, ya gafarta musu kurakuransu, amin.